Yafiyar Da Aka Yi Wa Malam Hikmet Ba Tasa Ba Ce

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Hikmet Karabudak a gidansa da ke bayan garin Kastamonu, yana da shekara saba'in da huɗu. Zuciya ce ta tsaya masa yana zaune a baranda, kofin shayinsa bai ko huce ba. Ina cikin daji a filin awo na goma sha bakwai, tef ɗin awo a hannuna ina zagaye gindin wani goknar, dogon itacen katako mai siririn ganye, sai 'yarsa Esin ta kira ni. Ban san lokacin da na zauna a kan ganyen da ke ƙasa ba. Mu na Allah ne, kuma wurinSa kowa zai koma, na faɗa da bakina sau uku.

Sunana Sevgul Tandogan. Ni ce shugabar tashar binciken daji ta Ulubel, ina zaune a kujerar da Malam ya zauna shekara ashirin da biyu. Shi ya ɗauke ni aiki, shi ya koya mini duk abin da nake taƙama da shi yau. An roƙe ni in rubuta ta'aziyyarsa domin ana ganin ni ce ɗalibarsa mafi kusa. To, zan rubuta, amma ba irin wadda ake jira ba.

Washegari bayan azahar aka yi masa salla a harabar masallaci. Muna tsaye a baya tare da mata, liman ya juyo ya yi tambayar da ake yi a kan kowane mamaci: yaya kuka san shi? Aka amsa, mutumin kirki ne. Sai ya sake tambaya, sau uku kamar yadda aka saba a wajenmu: kun yafe masa haƙƙinku? Jama'a suka amsa sun yafe. A karo na uku, da muryoyi suka lafa, sai na ji muryar Baba Hurshit, tsohon shugaban ƙungiyar masu saran katako ta ƙauyen Ulubel, mutumin da bai iya magana a hankali ba tun da aka haife shi.

"Mun yafe," ya ce. "Ya ci mana shekara guda da kuskurensa, amma mun yafe, Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

Mutane suka gyaɗa kai, wasu ma suka yaba masa. Ni kuwa a raina na ce: Malam, kana kwance a gabanmu ana yafe maka laifin da ba ka yi ba, wadda ta yi shi tana tsaye a baya da ɗankwali baƙi tana kallo. Kuskuren da ake kira kuskuren Karabudak nawa ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da wannan magana, yau zan ajiye ta, ko me za ta jawo mini.

Wanda bai san aikinmu ba zai ce mahaukata ne mu, domin ganye muke aunawa. Malam yakan faɗa wa sabon ma'aikaci cewa itace da ganyensa yake cin abinci, saboda haka idan ka san yawan ganyen da ke saman daji, ka san yawan katakon da dajin zai ƙara a shekara, ka kuma san nawa za a iya sara ba tare da an cuce shi ba. Tambayarsa kullum ɗaya ce: idan aka sauko da duk ganyen da ke sama aka shimfiɗa a kan ƙasar da ke ƙarƙashinsa, rufi nawa zai yi? Shekara talatin ya yi yana neman amsar nan fili bayan fili. A sare itace ɗaya, a tsige ganyensa kaf, a busar, a ɗora a sikeli, a auna faɗin kaɗan daga ciki, a haɗa da kaurin itacen da ruwan sama da irin ƙasar. Daga nan ya gina lissafin da ake sa wa kwamfuta, ta faɗi ƙarfin kowane gangare. Masu tsara saran katako a yankinmu da lissafin nan suka dogara.

Amma bai taɓa yarda da kwamfuta ita kaɗai ba. Duk filin da ya shiga sai ya cire hularsa ya kwanta rigingine a ƙasa, ko da laka, ko da dusar ƙanƙara, ya zuba wa sama ido. Mutanen Ulubel har suna suka sa masa, Malam Mai Kwanciya. Ranar farko da na bi shi daji na tsaya ina kallon agogo, sai ya ce, "'Yata, tsayuwar me kike yi? Kwanta mana. Digirinki ba zai ɓaci da laka ba." Na kwanta ina jin haushi. Ya ce in faɗa masa rufi nawa na gani. Na ce takwas. Ya ce biyar da rabi. Da muka gama awo bayan mako uku, biyar da digo shida muka samu.

Na zo masa da takalmin birni. Ran Litinin sai na tarar da takalman daji a kan teburina, daidai ƙafata, ashe ya auna sawuna a cikin laka da tef ɗinsa. Kowace Juma'a matarsa, Inna Nermin, takan aiko da burodin masara da miyar kabeji mai zafi ga duk tashar, rabona kuma daban ake ƙullewa domin ta ce na rame. Da mahaifina ya kwanta asibiti a Samsun, Malam ne ya tuƙa ni awa biyar, ya zauna a mota bai shiga ba don kada ya takura mana. Yana da faɗa, kada a ce na ɓoye. Idan ka rubuta lamba da biro maimakon fensir a littafin fili, ranar ba ka da sukuni, domin ruwa yana wanke tawada. Ya taɓa sa wani farfesa da ya zo daga babban birni ya sake awon fili guda saboda ya riƙe tef a karkace.

A shekara ta biyu da zuwana ya ba ni filayen gangaren sama, wanda ke bisa kan ƙauyen Ulubel, ya ce in yi su ni kaɗai. Na yi murna har na kasa cin abinci. Ganyen goknar siriri ne, amma yana da faɗi, yana da gefen sama da gefen ƙasa. A tasharmu tun fil azal gefe ɗaya ake aunawa, wanda rana ke duka. A jami'ar da na yi karatu kuwa duka gefe biyu ake haɗawa. Kowace hanya daidai ce a wurin masu ita, abin da ba a yi shi ne a gauraya su. Ni ban tambaya ba, domin ina ganin na sani. Na auna gefe biyu, na zuba lambobina cikin na Malam na shekara talatin. Lissafi ya ce gangaren sama yana ɗauke da ganye rufi goma sha biyu, wato ya fi kowane wuri a yankin ƙarfi. A shekarar gwiwarsa ta hana shi hawa, saboda haka bai je ya kwanta a can ba. Ya duba takardun, ya ce abin mamaki ne, ya sa hannu.

A kan wannan lissafi aka buga wa itace ɗari tara gudumar alamar sara, aka shafa musu jan fenti. Ƙungiyar Baba Hurshit ta samu aikin saran. Magidanta arba'in da wani abu, waɗanda sukan tafi aikin gini a birni duk bazara, suka fasa tafiya a shekarar, suka tsaya a gida suna gyaran zarto da tarakta.

An fara sara ran Litinin ta biyu a Satumba, 2014. Ran Laraba da safe gwiwar Malam ta yi sauƙi, ya ce in kai shi ya gani da idonsa. Muka hau a hankali, yana dogara sanda, ƙarar injin zarto tana tashi ta gefen gabas. Da muka isa inda ba a taɓa ba tukuna, ya cire hula ya kwanta. Ya daɗe. Ina tsaye a kansa ina jin faɗuwar itatuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace faɗuwa har cikin tafin ƙafata.

"Sevgul," ya ce, bai tashi ba. Bai taɓa kiran sunana haka ba sai in da magana. "Takarda ta ce goma sha biyu. Ni ina ganin sama ta ko'ina. Wannan bai kai shida ba."

Na ce wataƙila haske ne ya ruɗe shi.

"Gefe nawa kika auna?"

Wallahi kafin in buɗe baki na riga na gane. Na ce biyu. Ya rufe idonsa, sannan ya miƙo mini hannu in tashe shi. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, idan aka cire ɗari tara daga wannan gangare ba zai mayar da su ba a shekara arba'in, kuma saiwoyinsu ne ke riƙe da ƙasar da ke bisa rufin gidajen mutane. Sai ya nufi inda ƙarar take, da sandarsa, yana ɗaga hula yana kaɗawa. Ya shiga tsakanin mai zarto da itacen da aka ci rabinsa. An riga an kayar da ɗari da talatin.

Da la'asar aka taru a gidan shayin ƙauye. Ban taɓa ganin wurin ya cika haka ba, kuma ba wanda ya taɓa kofinsa. Ni kaɗai ce mace, ina zaune kusa da ƙofa da jakar takardu a cinyata. Baba Hurshit ya tsaya a tsakiya, garin katako har cikin gashin girarsa.

"To, Malam Mai Kwanciya, mun ji ka yi mafarki a gindin itace. Faɗa mana. Ku kuka ce a sara, ku kuka buga guduma, yau kwana uku ka zo kana kaɗa mana hula kamar mai korar kaji."

"Lissafin ba daidai ba ne, Shugaba. Gangaren ba zai ɗauki ɗari tara ba. Ko ɗari uku da ƙyar."

"Ɗari uku. Ka dubi mutanen nan. Wancan ya bar aiki a Istanbul, wancan ya sa ranar auren ɗansa bayan sara. Sanyi saura wata biyu. Me zan ce musu, su dafa lissafi su ci?"

"Ka ce musu gidajensu ne a ƙarƙashin gangaren."

Wani daga baya ya buga tebur. Baba Hurshit ya ɗaga masa hannu, ya matso har numfashinsa yana taɓa fuskar Malam, ya sassauta murya, abin da ban taɓa ji ya yi ba. "Shekara talatin muna ba ka shayi a nan. Ba ka taɓa kuskuren rabin itace ba. Wa ya yi wannan? Faɗi sunansa kawai."

Idanu suka fara juyowa wajen ƙofa. Kowa ya san wadda ta yi bazara tana hawa gangaren da buhunan ganye. Na ji ƙafafuna suna so su miƙe, na rantse da Allah na ji, na ma ɗora hannu a kan kujera. Malam bai ko dube ni ba.

"Ni ne," ya ce. "Na haɗa awo iri biyu a tukunya ɗaya. Tsufa ne, Shugaba. Sunana ne a ƙasan takardar, je ka duba."

Na sauke hannuna daga kujerar. Wannan shi ne abin da na yi a ranar, kuma ba ni da wani bayani da zai gyara shi.

A mota muna komawa na fashe da kuka, na ce gobe zan rubuta wa hukuma gaskiya. Ya tsayar da motar a gefen hanya, ya juyo da wannan fuskar da yake yi wa mai rubutu da biro.

"Ba za ki rubuta komai ba. Takardar aikinki ta wucin gadi ce, rana ɗaya za su sallame ki, kuma ba wata tasha da za ta sake ɗaukar ki. Ni saura mini shekara biyu. Filayen nan sittin da huɗu suna buƙatar wanda zai auna su shekara talatin nan gaba, a watan da aka saba kowace shekara, da hannu ɗaya. Idan aka tsallake shekara biyar, aikina duka ya zama takardar kunna murhu. Kin ga wani a tashar da zai zauna? Kuma na sa hannu ban hau na gani ba, wannan laifina ne na gaske."

Na ce ba adalci ba ne.

"Ban ce adalci ba ne. Share fuskarki, kada Nermin ta gani ta tambaye ni."

Aka kafa kwamitin bincike. Aka sauke shi daga shugabanci, aka ba shi shawarar ya yi ritaya kafin lokacinsa, ya karɓa. Aka janye lissafinsa daga aiki shekara uku, har sai da muka sake bin kowace lamba. A tarurruka matasa da ba su kai 'ya'yansa ba sukan ce, a kula kada a yi irin ta Karabudak, a yi dariya, ina zaune a wurin. Mutanen Ulubel sun sha wuya a sanyin shekarar, gidaje shida suka tashi suka koma birni ba su dawo ba. Shekara biyu Malam bai taka gidan shayin nan ba, domin idan ya shiga sai a yi tsit. Gangaren kuwa yana nan da itatuwansa, jan fentin ya kusa gogewa, kuma ruwan da aka yi shekara huɗu da suka wuce, wanda ya zaftare ƙasa a kwaruruka biyu na maƙwabta, bai motsa shi ba.

Duk da haka kowace kaka sai ya zo. Ba albashi, ba muƙami, yakan riƙe mini ƙarshen tef yana mita cewa na karkata shi. Da aka naɗa ni shugaba shi ya fara kira. Sau biyu na ce masa lokaci ya yi da zan faɗa, yanzu ba mai iya kora ta cikin sauƙi. Na farko ya ce in bari sai an gama awon shekarar. Na biyu ya yi kamar bai ji ba, ya tambaye ni ko an gyara shingen fili na tara. Ni kuma na ji daɗin da ya hana ni. Gara in faɗi wannan ma. Na fake da biyayya, alhali tsoro ne, da son kujera, da son a ci gaba da gaishe ni a matsayin wadda ta gyara kuskuren malaminta. Har lambar yabo aka ba ni a kan haka, na karɓa, na yi jawabi.

Kwana uku bayan jana'iza na je gidansa. Takalmansa suna ajiye a ƙofar waje kamar yadda ake yi wa wanda ya rasu a al'adarmu, tsofaffin takalman daji, da busasshiyar laka a jikinsu. Gidan yana ƙamshin alewar fulawa da ake toyawa don mamaci. Na jira mata suka ragu, na bi Inna Nermin kicin, na rufe ƙofa, na faɗa mata komai a tsaye. A raina ina fatan ta ce ta daɗe da sani.

Ba ta sani ba. Ta ajiye ludayin da ke hannunta, ta zauna.

"Har ni ya ɓoye wa," ta ce. "Na yi masa gori, kin sani? Shekarar da aka sauke shi na ce masa, da ka saurare ni ka huta tun da wuri da ba ka zubar da mutuncinka ba. Ya yi shiru. Kuma ke kina zuwa nan duk Juma'a, ina zuba miki miya."

Na ce ta yafe mini.

"Kada ki roƙe ni yanzu, 'yar nan, ba zan yi miki ƙarya a gidan makoki ba. A gaban mutane aka ɓata shi, ba a kicin ba. Je ki rubuta inda za su karanta, ki sa sunanki cikakke. In na gani, sai mu yi magana."

Jiya na miƙa wa hukumar tashar takarda da kwafin littafin filina na shekarar 2013, inda rubutuna yake da fensir, gefe biyu, shafi bayan shafi. Na mayar da lambar yabon. Za su zauna ran Alhamis, kuma abin da suka yanke a kan kujerata na karɓa. Abu ɗaya na roƙa, a bar ni in ci gaba da awon filayen nan ko a matsayin mai riƙe tef, domin saura shekara goma sha tara a cikin talatin ɗin da ya saya mini da sunansa. Malam, na saɓa maka, na sani. Ka ce kada in rubuta. Amma na ji an yafe maka a gaban gawarka, kuma wannan ban iya haɗiye shi ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Hikmet ɗan Rustem. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanya shi a inuwar da ba ta da ɓaraka. Ya rufa wa wata asiri a duniya alhali yana da ikon tonawa, Ka rufa masa nasa ranar da ba mai rufawa sai Kai. Ka sa kowane itace da ya tsaya saboda shi, da kowane gida da ke ƙarƙashin gangaren nan, su zama masa sadaka mai gudana. Faɗansa da taurin kansa, Ka yafe masa su.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Nermin, da 'ya'yansa Esin da Tolga, da jikokinsa uku, da ma'aikatan tasha na da da na yanzu. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sa ku gan shi a inda ya fi nan. Esin, Tolga, mahaifinku bai taɓa haɗa awo biyu a tukunya ɗaya ba, ku faɗa wa 'ya'yanku haka.

Baba Hurshit, da mutanen Ulubel, da gidaje shida da suka tashi: yafiyar da kuka yi ranar Laraba a harabar masallaci, Allah Ya ba ku ladanta, amma mutumin da kuka ba wa ba ya buƙatar ta a kan wannan. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan zo gidan shayi, zan tsaya a tsakiya inda ya tsaya. Ba liman da zai tambaye ku a madadina, ni zan tambaya da bakina, kuma ba dole ne ku amsa ba.

Inna Nermin, ga shi na rubuta.

Sevgul Tandogan
Tashar binciken daji ta Ulubel